Darasi na Tara: Bin Sawun Wuta a Tsohuwar Mota

Da yawa daga motocin da ke jigilar mutane da buhunan hatsi tsakanin Tasawa da Mayahi, da waɗanda ke kutsawa cikin yashi zuwa kasuwannin Urafan, Kanambakashe da Korgom, sun girmi yaran motar da ke karɓar kuɗi a cikinsu. Akwai Peugeot 504 da 505, wasu haɗin Faransa, wasu haɗin masana'antar Kaduna da ta soma aiki a 1975. Akwai Toyota iri-iri, su Starlet da Corolla da Hilux, waɗanda suka shigo ta tashar ruwan Kwatano bayan sun gama wata rayuwar a Turai. Injinansu na da juriya. Abin da ya tsufa da gaske shi ne wayoyi: robarsu ta bushe ta tsattsage, tagullar ta yi kore, kuma duk mai gyaran da motar ta bi ta hannunsa ya bar nasa ƙulli.

Darasin nan na motar fetur ne, domin mai gazuwal ba ta kama wuta da tartsatsi. Abin da za ka koya shi ne gano inda wuta ta tsaya, da ƙwan fitila da multimita, kafin ka tura yaro Maraɗi ko Katsina sayen kaya. Sau da yawa akan sayo modul sabo a ɗaura, mota ta ƙi tashi, a ce jabu ne, a sake sayen wani, alhali laifin na wata waya ce da ba ta kai tsawon kamu ɗaya ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Yadda tartsatsi ke samuwa

Bateri bolt 12 yake bayarwa, buji kuwa dubbai yake nema, har 20,000 ko fiye. Bobin ne ke yin wannan ƙari. A cikinsa akwai naɗin waya biyu a kan ƙarfe ɗaya: na farko mai kauri, zagaye ƴan ɗaruruwa, na biyu siriri ƙwarai, zagaye dubbai. Wuta takan bi ta naɗin farko, ƙarfen ya zama maganaɗisu, da zarar an yanke ta farat ɗaya sai babbar wuta ta tashi a naɗi na biyu. Ka riƙe wannan da kyau: lokacin yankewa tartsatsi ke fita, ba lokacin haɗawa ba. Bobin da wuta ke shiga cikinsa ba a yanke ta, zafi kawai zai yi.

A tsohon tsari, wanda Charles Kettering ya sa wa motocin Cadillac a Amurka a 1910, ƴan ƙarafa biyu ne, wato bis, ke buɗewa suna rufewa a cikin delko, mai raba wuta ga buji. Suna cinyewa, suna ƙonewa, kullum sai an daidaita su. Cikin shekarun 1970 maye gurbinsu ya yaɗu. Kamfanin Chrysler ya sa tsarin lantarki a dukan motocinsa a 1973, Turai da Japan suka biyo baya. A sabon tsarin an raba aikin bis gida biyu: akwai mai sigina a cikin delko, wanda ke sanar da cewa lokaci ya yi, akwai kuma modul, wanda ke yanke wutar. Babu abin da ke gogar wani, don haka babu cinyewa. Sai dai wayoyi sun ƙaru, kuma modul ba ya haƙuri da abin da bis ke haƙuri da shi.

Hanyoyin da za ka bi biyar ne: wayar da ta taso daga makulli zuwa bobin da modul, wadda ta haɗa ɗaya ƙafar bobin da modul, ƙananan wayoyin sigina, mas, wato hanyar da wuta ke komawa ta jikin mota, sannan manyan wayoyin buji. Ƙafar bobin da ke karɓar wuta daga makulli an rubuta mata 15 a kayan Bosch, BAT a tsofaffin na Faransa, alamar + a na Japan. Ɗaya ƙafar kuwa 1 ce, ko RUP, ko alamar −. Kada ka dogara da launin waya a motar da ta sha gyara. Peugeot ma lamba take bugawa a jikin wayoyinta, sai ka goge datti ka karanta.

Ka saurari direba tukuna

Direba zai ce maka, "Maigida, mutuwa kawai ta yi." Kada ka buɗe akwatin kaya sai ka tambaye shi: ta yi tari ta rage ƙarfi tukuna, ko ɗauke wuta ta yi kamar an kashe makulli? Ƙarancin mai yakan zo da tari da fizga. Wuta kuwa ba ta sallama.

Idan mota na kamawa muddin hannu na riƙe da makulli a kan dimarar mai juya inji, tana mutuwa da an saki, to duba ɗan farin tangaran ɗin nan da ke kusa da bobin, mai rage wuta. Lokacin tayarwa akwai waya ta dabam da ke zagaye shi, shi ya sa take kamawa. Da an saki makulli wuta ta koma bi ta cikinsa, shi kuma ya tsinke. Akasin haka ma na faruwa: inji ya yi ta juyawa bai kama ba, sai daidai lokacin sakin makulli ya ɗauka, ko kuma sai an tura. Irin motar da kullum ake ajiyewa a kan gangare a tasha ke nan. Nan laifin na wayar zagayen ne, ko makullin kansa, ko baterin da dimarar ke shanye ƙarfinsa duka.

Motar da ke tashi lafiya da safe a Tasawa, ta mutu kafin ta kai Gazawa, ta sake tashi bayan an sha inuwa, zafi ke damun modul ko bobin ko mai sigina. A watannin Afrilu da Mayu, da rana ke wuce digiri 40, wannan ciwo ya fi yawa. Jiƙa tsumma ka ɗora a kan modul kaɗai. Idan ta tashi da wuri fiye da yadda ta saba, ka samu wanda ake zargi. Wadda ke ɗaukewa a gargada ta dawo da kanta, waya ce ta saki, ko kuma tarin makullai da layu da aka rataya sun gajiyar da cikin makullin mota. Wadda ke ƙin tashi da damina, ko bayan ta ratsa ruwa a Gulbin Kaba, buɗe hular delko: ƙurar hunturu da ta kwanta a ciki ta sha laima, babbar wuta na bin ta tana zurarewa.

Kafin ka sa hannu

Fitar da giya, ja birkin hannu, sa dutse a taya. Cire zoben azurfa da agogo, domin zobe da ya haɗa ƙafar bateri da jikin mota yakan yi ja a yatsa nan take. Kawar da kwalaben fetur da jarkoki daga wurin, kuma kada ka gwada tartsatsi kusa da kabureta mai yoyo. Babbar waya ba a riƙe ta da hannu.

Daga bateri zuwa ƙafar bobin

Cikakken bateri bolt 12.6 yake nunawa, na 12.2 ya kai rabi. Amma awon da ya fi amfani shi ne na lokacin da dimarar ke juyawa: idan ya faɗi ƙasa da 10 sosai, gyara wannan tukuna, domin duk gwajin da zai biyo baya ƙarya zai yi maka. Buɗe hular delko, a buga dimarar, ka tabbata rota na juyawa. A Starlet da Corolla bel ɗin cikin inji kan tsinke, mutum ya wuni yana neman wuta a delkon da ba ya motsi.

Sai gwajin tartsatsi. Zare babbar wayar tsakiya daga hular delko, sa mata wani buji, jingina gindinsa da ƙarfen inji, a buga. Idan akwai tartsatsi mai ƙarfi a nan amma babu a wayoyin buji, aikinka ya yi sauƙi: rota ce ta huje, ko gawayin tsakiyar hula ya cinye, ko hular ta tsage. Idan babu ko kaɗan, ɗauko fitilar gwaji, ƙaramin ƙwai na bolt 12 da wayoyi biyu.

Maƙala waya ɗaya a mas, taɓa ƙafar + ta bobin da ɗayar, a kunna makulli. Dole ta kama, kuma dole ta ci gaba da ci yayin da ake buga dimarar, ko da ta ɗan dushe. Idan ba ta kama ba, koma baya ta wajen makulli. A motocin da suka zo daga Turai, a kan wannan waya ake samun ragowar ƙararrawar ɓarayi da aka yanke aka bar gindinta, a namu kuma ɓoyayyen maɓalli da wani tsohon mai motar ya sa ƙarƙashin kujera.

Yanzu koma ƙafar −. A buga dimarar kana kallon fitila, domin amsoshi uku ne. Idan tana ƙiftawa, mai sigina da modul suna aikinsu, sai ka zargi bobin ko babbar wayarsa. Idan ta kama ta tsaya cak, ba a yanke wutar: ko sigina ba ya zuwa, ko modul ba shi da wuta ko mas, ko ya mutu. Idan ba ta kama ba sam, ko naɗin farko ya tsinke, ko wani abu na zubar da wutar ƙafar a mas. Kafin ka yanke wa modul hukunci, cire duk wata waya da ke kan ƙafar in ban da tasa. Wayar agogon da ke nuna gudun inji a nan take, kuma idan ta goge ta taɓa ƙarfe, tartsatsi ya tafi.

Wayar da ke yaudarar ma'auni

A nan masu koyo suka fi faɗawa rami, har da waɗanda suka iya karanta multimita. Waya na iya tsinkewa a cikin robarta, saura sili ɗaya. Ka auna, ma'auni ya nuna 12, ka ce lafiya lau. Multimita kusan ba ta jan wuta, don haka sili ɗaya ya ishe ta. Kamar tiyon lambu ne da aka take: zai ɗiga ya cika maka kofi, amma ba zai shayar da fangali ba. Bobin kuwa ampiya da yawa yake ja. Saboda haka ka ajiye ƙwan sigina na wat 21, wanda ke jan kusan ampiya 2. Idan ƙaramar fitila ta kama amma wannan ya yi ja-ja ko ya ƙi, akwai tsatsa ko tsinkewa a hanya.

Da multimita ma ana kama ta, idan an auna asarar da ke tsakanin wuri biyu lokacin da wuta ke gudana. Sa tsinke ɗaya a + na bateri, ɗaya a + na bobin, a buga dimarar. A motar da ba ta da farin tangaran, abin da ya wuce rabin bolt ya yi yawa. Sannan sa ɗaya a − na bateri, ɗaya a jikin modul ko wayar mas ɗinsa. Nan kuma 0.2 ko 0.3 ce iyaka.

Mas ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ne rabin hanyar da ba a gani. Modul da yawa ta ƙusoshin da suka ɗaure su suke samun mas. Mai fenti ya fesa wurin, ko tsatsa ta shiga, ko an ɗaure modul da igiyar roba don ƙusa ta ɓata, shi ke nan. Akwai kuma kitsattsiyar wayar da ta haɗa inji da jikin mota, wadda akan manta a mayar bayan an sauke inji. Alamarta ita ce wayar totur ko ta cok ta yi zafi idan ana buga dimarar, domin wuta ta rasa hanya ta bi ta nan. Kwance, goge da takardar yashi har ƙarfe ya yi haske, ɗaure tam.

Gajeren gwaji a daji: ja waya mai fis daga + na bateri kai tsaye zuwa inda wutar makulli ke shiga bobin da modul. Idan ta tashi, laifin na can baya. Wannan waya ta gwaji ce, ko ta kai mota gari. Wanda ya bar ta, makulli ba zai kashe masa inji ba, bobin kuma zai dahu.

Cikin delko

Mai sigina iri biyu ne za ka fi haɗuwa da su. Mai waya biyu ɗan naɗi ne da maganaɗisu, da wani ƙarfe mai haƙora huɗu da ke wucewa ta gabansa. Cire mahaɗinsa ka auna juriyarsa. A Toyota da yawa na shekarun 1980 om 140 zuwa 180 ne, a Peugeot ɗari uku da wani abu. Littafin motar ke da magana ta ƙarshe. Kada ka tsaya a lambar. Riƙe ma'auni a wurin ka girgiza wayoyin, ka kuma zuƙi tiyon da ke jan farantin delko. Farantin nan yana motsi duk lokacin da aka taka totur, wayoyin na lanƙwasa tare da shi shekara da shekaru, har su karye a ciki. Idan lamba ta yi tsalle, ka gano ta. Auna kuma tsakanin kowace waya da jikin delko; bai kamata su haɗu ba. Tazarar haƙori da mai sigina a Toyota milimita 0.2 zuwa 0.4 ce. Share ɓurɓushin ƙarfe da maganaɗisun ya tara. Idan ka sake wayoyin biyu, kada ka musanya su: mota za ta tashi, amma lokacin wuta ya goce, ta riƙa ƙara tana zafi.

Mai waya uku, irin na tsofaffin Golf, an rubuta masa +, 0 da −. Shi wuta yake ci daga modul, kuma ƙwan fitila na iya ƙona shi, don haka multimita kaɗai. Tsakanin + da − ka sami wutar da ba ta yi nisa da ta bateri ba, a kan 0 kuma lamba ta riƙa hawa da sauka yayin da kake juya inji da hannu.

Wasu Toyota sun cusa bobin da modul duka a cikin delko. Gwajin bai canza ba, sai dai ka cire hula da murfin ƙura ka duba jikin bobin. Layin toka-toka ko tsaga alama ce wuta na fita ta nan.

Auren bobin da delko

A garejinmu an saba cire delkon lantarki a mayar da mai bis. Ban ga laifin wannan ba ga motar da ke kwana a ƙauyukan arewacin Urafan, inda bis ke gyaruwa da takardar yashi, modul kuwa sai an yi tafiyar yini. Laifin shi ne a sauya delko a bar bobin. Bobin na bis yana da juriya kamar om 3, mai tafiya da farin tangaran kamar 1.5, na lantarki da yawa ba su kai om 1 ba. Raba bolt da om ka sami ampiya: 12 a raba da 3, ampiya 4 ke nan, abin da bis ke ɗauka. 12 a raba da 0.8 kuwa 15 ne. Modul ɗin da aka yi domin irin wannan bobin shi ke taƙaita wutar da kansa, bis ba su iya ba, sai su ƙone, a ɗora wa mai kaya laifi. Idan aka juya, aka sa bobin om 3 a kan modul, tartsatsi ya raunana a babban gudu. Duk bobin da ka sayo, sabo daga shago ko na hannu daga Ƙofar Ruwa ta Kano, auna ƙafafunsa biyu kafin ka ɗaura. Haɗa tsinkayen ma'auni da juna tukuna ka ga abin da suke nunawa, ka ɗebe shi daga lissafi, domin a ƙananan lambobi irin waɗannan yana da tasiri.

Abin da ke kashe modul

Sai bayan wuta da mas da sigina da bobin duk sun wanke kansu za ka ce modul ne. Kuma ka nemi abin da ya kashe shi, in ba haka ba sabon zai bi sawu. Babbar al'adar da ya kamata a bari ita ce cire kan bateri inji na aiki don a ga ko caji na yi. A zamanin bis an sha yin haka an tsira. Yanzu wutar da ke tsalle a wannan ɗan lokaci ta isa ta ƙona modul. Da multimita ake duba caji: 13.8 zuwa 14.5 daidai ne, abin da ya haura 15 haɗari ne. Haka walda a jikin mota ba a cire bateri da mahaɗin modul ba, da jona batura biyu na babbar mota masu bolt 24, da juya ƙafafun bateri, da barin babbar waya tana reto ba inda wutarta za ta sauka.

Bayan modul ƙarfe ne mai fitar da zafi. Shafa masa farin man nan na musamman da masu gyaran rediyo da talabijin ke amfani da shi, siriri, sannan ka ɗaure. Giris ba ya wannan aiki.

Wayar da ka samu da laifi kuma kada ka murɗe ta ka naɗe da leda. Yanke har inda tagulla ke sheƙi, haɗa da dalma, rufe da kyau, ɗaure ta yadda ba za ta yi lilo ba. Inda ta ratsa ƙarfe, zura ta cikin guntun tiyo, domin a tsofaffin motoci da yawa wayar bobin ba ta bi ta fis ba, idan ta goge duk kitson wayoyi ke kamawa. Wayoyin sigina su yi nesa da manyan wayoyin buji da bututun hayaƙi. Motar da ta daɗe a ajiye kusa da rumbu, duba ta sosai, ɓeraye na son roba.

Aikin gwaji

Ku rabu uku-uku a kan mota ɗaya. Malami zai ɓoye laifi guda, ko ya sassauta mas, ko ya sa waya mai sili ɗaya, ko ya cire mahaɗin sigina rabi. Ku rubuta kowane gwaji da abin da ya nuna kafin ku wuce zuwa na gaba. Bayan haka kowa ya amsa waɗannan a littafinsa:

1. Wata 504 ta taso daga Hawan Dawaki. Tana kamawa idan ana buga dimarar, tana mutuwa da an saki makulli. Me za ka fara dubawa, kuma don me?

2. Multimita ta nuna bolt 12 a ƙafar + ta bobin, amma ƙwan wat 21 ya ƙi kamawa a wurin. Me ke faruwa a cikin wayar?

3. Bobin ya nuna om 0.6. Ampiya nawa zai ja a bolt 12, kuma me za ka gaya wa mai motar da ke son a haɗa shi da bis?

4. Fitilar gwaji a ƙafar − ta kama ta tsaya, ba ta ƙiftawa. Jera abubuwan da za ka gwada, bi da bi, kafin ka aiki yaro Maraɗi.